Kwana Goma Sha Tara da Aka Sace wa Lumen

Duk wanda ya wuce shekara goma sha biyar a wannan unguwa tamu ta bakin teku, ya ɗaga riga ya dubi cibiyarsa. Aikin hannun Lumen yake kallo. Har Nestor, ɗan cikinta, wanda ya buɗe baki ya ce ta haukace, ita ta yanke tasa da kanta, don ranar da ta haife shi ba kowa a gidan sai ni, ni kuwa a lokacin ba abin da na iya sai ihu.

Iluminada ne sunanta a littafin coci, amma ba mai kiranta haka sai fada, limamin cocinmu. Ni Mare nake ce mata, ita ma haka take ce mini, don ni na riƙe 'yarta Bebang ranar baftisma. Tare muka tashi a tsibirin Bantayan, tare muka koyi tsaga kifi da shanya shi, kuma ba wadda ta taɓa zaman aji a cikinmu. Mijinta ya fita kamun kifi shekarar babbar guguwa, kwalekwalen ya dawo, shi bai dawo ba. Ya bar ta da 'ya'ya biyu da wuƙar tsaga kifi guda. Da wannan wuƙa ta ci da su, ta sa Nestor a makaranta har ya iya ɗaura agogo ya zauna a tagar tashar jirgin ruwa yana buga wa tikiti hatimi.

Ungozomanci gadonsa ta yi wurin kakarta. Wanda ya ga dama ya kawo kaza, wanda bai ga dama ba ya ce Allah ya saka. Da hukuma ta ce haihuwa sai a asibiti, ba ta yi musu ba, ta ajiye reza ta tsaya kan jego. Ita ke gasa jikin mai jego da man kwakwa, ta ɗaure mata ciki, ta yi mata sirace a kwana na uku don kada sanyi ya shige ta. Mu nan mun san macen da sanyi ya shiga bayan haihuwa. Ciwon kai da rawar jiki har tsufa.

Hali ɗaya nake ƙi a wurinta: ba ta iya cewa "wannan nawa ne" ba. Ko shinkafar da ke bakinta ka ce kana so, za ta nemi ganyen ayaba ta zuba maka.

Bebang kuwa shekara takwas ke nan da ta tafi Ayislan, wani tsibiri can ƙarshen arewacin duniya. Ta bar yankan kifi a nan ta je yankan kifi a can, sai dai can da safar hannu ake yi. Ta auri wani dogon mutum mai suna Hallur, mai tuƙa motar ɗaga kaya a masana'antar. Shekara biyar shiru, sai bara ta kira uwarta a waya tana dariya tana kuka, ciki ya samu, haihuwa a watan Fabrairu. Ta ce, "Mama, ke nake so. Zan aiko da takardar gayyata."

Lumen ta yi ta jinkiri da farko. Sau ɗaya ta taɓa barin tsibirin nan, zuwa birnin Cebu, kuma tun daga tasha har dawowa tana amai. Abin da ya yanke mata shawara wani hoto ne. Bebang ta turo shi don ban dariya: kekunan jarirai huɗu a jere a ƙofar wani gidan shayi, ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat, iyayen suna ciki suna kurɓar abinsu.

Lumen ta ce, "Kekunan ba kowa ciki dai ko?"

Bebang ta ce, "Da jarirai mana, Mama. Barci suke. Nan haka ake yi, sun ce iska tana ƙara musu lafiya."

Lumen ta kife wayar a cinya, ta dube ni, ta ce, "Mare, jikana za su shanya a waje kamar kifi. Tafiya ta kama ni."

Daga ranar shiri ya tashi. Muka je wurin fada ya tono mana littafin baftisma, don a nan kaɗai aka rubuta cewa an haife ta. Aka ɗauke ta hoton fasfo sau uku, mai hoto yana cewa ta daina murmushi, ita kuma tana cewa ai rashin kunya ne ka ɗaure wa baƙo fuska. Bebang ta ce jirgin sama uku uwarta za ta hau, za a rataya mata kati a wuya mai ɗauke da sunanta da inda ta nufa, a tura ta a keken marasa lafiya daga jirgi zuwa jirgi don kada ta ɓace. Lumen ta ce ƙafarta lafiya lau. Na ce, "Ke dai zauna a tura ki. Shekara sittin da bakwai kina tura mutane, ki ɗanɗana." Ta shiga tsinko ganyen siracenta iri bakwai, da na gwaiba, da na lemo, da ciyawar nan mai ƙamshi, da sauran da ba ta faɗa wa kowa sunansu, tana shanya su a inuwa tana juyawa kamar kuɗi.

Ranar wata Lahadi bayan coci Nestor ya kira mu cin abinci. Tun da na ga an yanka kaza na san da magana. Matarsa Cherilyn ce ta zuba mana. Ita wannan kayan shafe-shafe take sayarwa a waya, farcenta kamar na kaguwa, ko tafarnuwa ba ta ɓarewa sai ta kira maƙwabciya.

Nestor ya gyara murya ya ce, "Mama, na yi bincike. Can a Fabrairu rana ba ta kai rabin wuni. Sanyin wurin yana kashe tsofaffi. Ke da ko iskar fanka ba kya so? Ga shi ba ki iya karatu ba, in kika ɓata a filin jirgi wa za ki tambaya? Cherilyn ta iya Turanci. Ita ta je a madadinki, ai duk ɗaya ne."

Na ce, "Duk ɗaya ne? Kai Nestor, da za a ba ka nonon akuya a madadin na uwarka da ka ce duk ɗaya ne?"

Ya ce mini, "Nang Basyon, maganar gida muke yi." Nang dai girmamawa ce ga babbar mace a wurinmu.

Na ce, "Ni na wanke kashinka na fari. Wane gida ne ban sani ba?"

Lumen ta taɓa gwiwata don in yi shiru. Ta ce masa a hankali, "Sanyin ne damuwarka, ɗana? To, zan koye shi."

Ya yi dariya har ya ƙware.

Ba wasa take ba. Washegari da safe ta zo ƙofata cikin wata shiga da ta sa karena ya yi haushi. Ta sayo kwat ɗin maza a gwanjo, ya sauko mata har gwiwa, ga safa biyu, ga takalmin roba na masunta, ga tawul a ka. Muka nufi gidan ƙanƙarar Noy Berting, inda masunta ke sayen ƙanƙarar adana kifi. Shi ma 'ya'yansa biyar duk ta hannunta suka biyo, don haka bai iya hanawa ba, sai dai ya ce, "Nang Lumen, in kika daskare, a kilo zan sayar da ke."

Tunaninta mai sauƙi ne. Hannun da ya saba da gishiri ba ya jin zafinsa, to jiki ma haka. Ta shiga ɗakin sanyi ta zauna a kan buhu, ni na riƙe ƙofa. Ba mu da agogo, ba ma bukata. Da carbi take auna komai tun fil azal, har siracen masu jego: ƙwaya ashirin ta addu'ar Maryamu, a ɗaga bargo, ba ƙari ba ragi. Ranar farko a ƙwaya ta biyar ta fito, haƙora na kaɗawa, ta ce, "Mare, ashe jahannama iri biyu ce." Ranar biyu ta kai takwas. Kafin mako uku tana gama carbin nan kaf, hamsin, ta fito ta sha ruwan citta ta wuce wurin shanyar kifi. Tari ya ɗan kama ta, ban musa ba. Tari ne dai irin na kowa.

Ni na yi sake. Wata safiya na ga Nestor ya shigo gidan ƙanƙarar, na ɗauka kunya ce ta kawo shi, har na matsa masa ya leƙa. Ashe wayarsa a kunne take. Ya ɗauki uwarsa a zaune tsakanin akwatunan kifi, tawul a ka, ido a rufe, leɓe yana motsi ita kaɗai. Ya tura wa Bebang. Abin da ya rubuta a ƙasa daga baya aka karanta mini: wai Mama ta fara rikicewa, tana shiga firji tana magana da matattun kifi, ga tarin da ba ya jin magani, in aka ɗora ta a jirgi gawa za a sauke.

Ban ga laifin Bebang sosai ba. Mace da cikin fari wata shida, a ƙasar da duhu ke cinye rana, yayanta mai ilimi ya aiko mata da wannan. Ta kira tana kuka. Lumen ta ce lafiyarta ƙalau, sai tarin nan ya zaɓi lokacin ya sarƙe ta. Cikin mako guda takardar gayyata ta fito da sunan Cherilyn.

Na same shi a tagarsa ta tasha, layi har waje, ban damu ba. Na ce, "Kai mai hatimi! Da wace wuƙa aka biya kuɗin makarantar da ka koyi rubuta ƙarya? Kifi nawa uwarka ta tsaga kafin ka iya rubuta 'ta haukace'?"

Ya ce, "Nang, ina bakin aiki."

Na ce, "Ita ma a bakin aiki take lokacin da ka ɗauke ta. Matarka ce ke son hoto a cikin ƙanƙara ta saka a waya, ka fito fili ka faɗa, mu tara mata ƙanƙarar Berting ta kwanta a kai."

Mutane suka yi dariya, shi ya ja labulen taga. Dariya ba ta sauya suna a takarda.

Amma wadda ta fi ƙona mini rai Lumen ce. Na je in taya ta zagi, sai na tarar da ita a tsakar gida ta shimfiɗa ganyen nan bakwai a tabarma, Cherilyn na tsugune a gabanta, tana koya mata.

Na ce, "Mare, ɓarawo ya ɗauke miki tukunya, kin bi shi da murfi?"

Ta ce, "Jikin Bebang ne za a gasa, ba nawa ba. In wannan ce za ta je, gara ta je da sani."

"Ki kira 'yarki ki gaya mata gaskiya!"

"In sa ta zaɓa tsakanina da yayanta, tana ɗauke da ciki? A'a."

Kwana uku ban yi mata magana ba. A na huɗu na koma, don ba wanda zan zaga a gida sai kare.

A farkon Janairu Nening, matar wani masunci a bayan coci, ta haihu a asibiti aka sallamo ta. Kwana na uku ranar sirace. Lumen ta ce Cherilyn za ta yi shi ita kaɗai daga farko har ƙarshe, tun da can ma ita kaɗai za ta kasance. Ta maimaita mata: a sauke tukunya ta huce har gwiwar hannu ta iya jure tururin, a zaunar da mai jego, a rufe ta da bargo, a tsaya kusa da ita ana jan carbi, ƙwaya ashirin a buɗe. Cherilyn ta ce, "Na gane, Mama, ai ba wani abu ba ne."

Wajen ƙarfe uku na yamma ne. Ni da Lumen muka zauna a benci gefen gidan, inda ba ma ganin ƙofa, don kada a ce mun sa ido. Muka ji an rufe bargo. Lumen ta ciro carbinta, don hannunta ba ya iya zama. Ina kallon yatsunta. Goma. Goma sha biyar. Ashirin. Ta tsaya, ta kasa kunne. Shiru. Ashirin da biyu. Sai muka jiyo muryar Cherilyn, ba daga ɗaki ba, daga ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tana cewa, "Takalmi lamba talatin da bakwai nake sawa, amma ki sayo mai gashi a ciki, fari in akwai."

Ban taɓa ganin tsohuwa ta tashi kamar yadda Lumen ta tashi ba. Kafin in miƙe ta shige. Ni kuwa mangwaro na nufa. Na fizge wayar daga farcen nan, na duba, fuskar Bebang ce, da kofin shayinta na safe, don can yanzu gari ya waye.

Na ce, "Bebang, ni ce, uwar baftismarki. Kada ki kashe. Zo ki ga mahaukaciya."

Na shiga da wayar ɗakin. Ban haska Nening ba, ina da kunya, Lumen na haska wa Bebang. Lumen ta riga ta yaye bargon ta shure tukunyar gefe. Yarinya ta sulale, jiki ja wur, ido ya juye, tururin ya fi ƙarfinta don ba a bari ya huce ba. Lumen ta tallafe kanta a cinya, ta ɗaga mata ƙafafu a kan matashi, tana ba da umarni da muryar da duk unguwar nan ta sani: "Buɗe taga ɗaya, ba biyu ba! Ruwan kwakwa, da cokali! Ke, ɗauke jaririn daga nan! Nening, 'yata, dube ni. Dube ni, na ce. Yawwa. Haɗiye." Ko tari ɗaya ba ta yi ba. Can Nening ta ja dogon numfashi ta fashe da kuka, uwar mijinta da ta shigo a guje ta durƙusa tana kiran sunayen waliyyai.

Na juyo da wayar fuskata. Na ce, "Kin gani? Wannan ce ke magana da kifi. Addu'a take ja a ɗakin ƙanƙara, tana koyon sanyin ƙasarku don kada ta zame miki kaya. Mako uku ina riƙe mata ƙofa. Wadda za a aiko miki kuwa ga ta can gindin mangwaro tana auna takalmi, ta bar 'yar mutane tana dahuwa kamar kaguwa. Can wa zai yaye miki bargon? Dogon mijinki?"

Bebang ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Ba ni Mama."

Lumen ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ce mata ina aiki. In na gama."

Wannan ce kalma mafi tsauri da na taɓa ji ta faɗa wa ɗanta ko 'yarta, kuma na ji daɗinta har ƙashina.

A daren Bebang ta soke waccan gayyata ta sake wata. Amma takarda ba ta san naƙuda ba. Sai an sake layi, sai an sake zuwa Cebu a ɗauki zanen yatsu, sai a jira. Lumen ta yi amanta na jirgin ruwa, zuwa da dawowa, ta zauna tana jira da akwati a ɗaure. Ranar tara ga Fabrairu Bebang ta haifi 'ya mace. A asibitin can, ranar da ta haihu suka nuna mata banɗaki suka ce ta yi wanka. Ranar! Kwana na uku ya zo, ganye bakwai suna nan Bantayan cikin leda. Lumen ta zauna a bencina da waya tana koya wa Hallur, Bebang na fassarawa, shi kuma yana tsaye a kicin da citta da ɓawon lemon kanti a tukunya, yana gwada tururi da gwiwar hannu kamar yadda aka ce. Mutumin kirki ne, ya ƙirga ashirin daidai. Amma da aka kashe wayar Lumen ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Matan unguwar nan sama da ɗari ta gasa da su, ban da guda.

Biza ta fito bayan mako biyu. Da muka lissafa da jirage ukun, jaririya za ta cika kwana goma sha tara kafin kakarta ta taɓa ta.

Ranar tafiya rabin unguwa ya rako ta tasha. Ta sa kwat ɗin gwanjon tun daga gida, cikin wannan rana, tana zufa, ta ce ba wuri a akwati saboda ganye da busasshen kifi. Na ce kifi za ki kai wa mutanen kifi? Ta ce nasu bai sha rana ba. Ko za a bar ta ta wuce da su, oho. Katin yana rataye a wuyanta tare da carbi. Noy Berting ya kawo mata safar hannu ta masu ɗaukar ƙanƙara. Cherilyn ba ta zo ba, wai kanta na ciwo.

Tikitin jirgin ruwa dole ta tagar Nestor zai bi. Ya karɓa, ya buga hatimi. Ya ce, "Mama, ki yafe mini."

Na buɗe baki, ta taka mini ƙafa da takalmin roba. Ta ce masa, "Ka riƙa shayar da kajina." Ta ɗauki tikitinta ta wuce.

Ta yafe, na sani, tun kafin ya roƙa. Ita ke nan. Ni ban yafe ba, kuma ba wanda ya roƙe ni. Kullum in zan je kasuwa ta gaban tagarsa nake bi, ko da ya fi nisa. Ba na zagi yanzu. Tsayawa nake, in ɗaga masa yatsu goma, in sake ɗaga tara, sai ya sunkuyar da kai sannan in wuce.

Jiya Bebang ta turo hoto. Keken jariri ne a ƙofar gida, ƙanƙara ko'ina, 'yar tana ciki an naɗe ta. Sun dai shanya ta, ba a hana mutane al'adarsu. Amma a gefen keken ga wata tsohuwa a kujera, cikin kwat ɗin maza har gwiwa, hannu ɗaya a kan bargon jaririya, ɗayan riƙe da carbi. Bebang ta ce a ƙwaya ta ashirin take tura keken ciki, ko waye zai yi magana.